Shekarar da na nutsar da masu dogon suna

Ku yaran nan da kuke jingina da ƙofar shagona kuna cewa, "Baba Habu, wai buga takarda ma sana'a ce? Ai ko a waya sai mu yi," ku shigo ku zauna, amma kada ku tare mini fanka. Ni na fara buga takarda a garin nan na Haɗejiya tun iyayenku suna yawo ba wando. Na buga ta neman aiki, na buga ta hayar gona, na buga ta saki da ta biko, wani lokaci duk wa mutum ɗaya a mako ɗaya. Kuma da yatsun nan da kuke gani na taɓa hana mutum tara irin shuka, ban zagi kowa ba, ban rubuta harafi ɗaya ba daidai ba. Ku bari in kai ku can a hankali.

Aikin farko da maigidana Malam Bukar, Allah ya jiƙansa, ya ba ni, takardar sayar da saniya ce. Tafireta muke da ita a lokacin, baƙa, nauyinta ya kai na jaki da kayansa. In ka danna harafi ɗaya, mai shayin tsallaken titi sai ya waiwayo. Wanda ya ƙera ta bai taɓa jin labarin ƙ da ɗ da ɓ ba, saboda haka sai ka buga k, d, b tsirara, ka zare takarda, ka ɗauki biro ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana ɗora musu lanƙwasa. Kwafi uku ake yi da kabon, duka ukun sai ka bi. Na gama takardar saniyar nan na miƙa ina washe baki. Malam Bukar ya ɗaga ta sama kamar mai duba jabun kuɗi, ya ce, "Habu, wannan gefen dama ne ko bakin ɓera?" Ya sauke mini rula a bayan hannu.

Abin da ya fi tsana a duniya ke nan, layi ya fi layi tsawo. Tafireta tana da ƙararrawa, in ta yi ƙil, saura harafi biyar ka faɗa rami. Nan ake sanin gwani. Sai ka karya kalmar a gaɓarta, ka sa karan ɗori, wato ɗan gajeren layin nan na kwance, ka sauko ka ƙarasa a ƙasa. Shekara huɗu ina shan rula a kan wannan, har ya zama ko alƙalami na riƙe, in na kusa gefe sai in ji ƙil a kunnena.

Aikin da ya fara nuna mini kwamfuta munafuka ce, littafin wani malami ne. Ya rubuta tarihin kakanninsa tun tasowarsu daga bakin Tafkin Cadi har suka sauka nan, ya kawo in buga. Lokacin mun samu kwamfuta, kuma wani malamin makaranta ya zuba mana wasu haruffa na musamman a ciki. Ka danna wata alamar lissafi, sai ɗ ta fito fes da lanƙwasarta. Na ce shi ke nan, biro ya yi ritaya. Abin da ban sani ba, a wurin kwamfuta kowane harafi lamba ne, siffar da kake gani riga ce kawai aka sa masa. Haruffan malamin makarantar nan ba su canja lamba ba, riga suka canja. A cikin shagona ɗ ce. Da ta fita ƙofa, sai ta tuɓe ta koma alamar lissafi.

Aka kai littafin Kano, aka buga, aka ɗauro a kwali. Malamin mai littafin ya buɗe a gabana, ga ɗalibansa a tsaye. Innalillahi! Duk inda ƙ take, akwati. Duk inda ɗ take, alamar lissafi. Kakansa na bakwai, wanda aka ce ko kada yana kauce masa a ruwa, sunansa ya fara da akwati ya ƙare da alamar kashi cikin ɗari. Malamin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam Habu, wannan da wane yare ne?" Kwana tara na yi ina bin littattafan nan da farin ruwan gogewa da biro. Daga baya ne aka zo da haruffan gaskiya, waɗanda lambarsu ɗaya ce ko ina ka kai su a duniya, irin waɗanda kuke dannawa a waya yanzu kuna ganin da su aka haife ku.

To, a kwamfutar nan na gano wani abu da na ɗauka Allah ne ya aiko mini shi saboda Malam Bukar. Karan ɗori ne, amma ɓoyayye. Ka riƙe maɓallin kantirol ka danna shi a tsakiyar kalma, ba ka ga komai ba. Yana nan a kwance. In kalmar ta zo gefe ba ta samu wuri ba, sai ya fito ya karya ta daidai inda ka ce. In ta samu wuri, sai ya lafe, ko da tabarau goma ba ka ganinsa. Kai, na ƙaunaci abin nan! Na dinga shuka shi a kowace doguwar kalma kamar mai shuka gyaɗa. Takarduna suka riƙa fita gefensu a miƙe kamar an ja igiya. Masu shago irin nawa suna zuwa leƙe, ina ce musu sirrin gida ne.

Sai shekarar babban ruwa. Ba sai na faɗa muku wace ba, ku tambayi iyayenku shekarar da aka shiga wasu unguwanni da kwalekwale. Kogi ya haura ya kwanta a kan shinkafar mutane har ta ruɓe a tsaye. Da ruwa ya fara ja, wata ƙungiya ta zo za ta raba irin alkama, buhu ɗaya kowane magidanci, don a yi noman rani a samu abin kaiwa baka. Ita kuwa alkama ba ta jira. In lokacinta ya wuce ba ka zuba ba, sai baɗi, in kana raye.

Bulama Garba, mai wani ƙauye can wajen Baturiya, shi ya kawo mini sunayen mutanensa a takardar makaranta da ruwa ya taɓa. Ƙungiyar ta ba da jadawali mai gida-gida: suna, sunan uba, lambar katin ɗan ƙasa, faɗin gona, wurin dangwale. Sun ce a rubuta suna yadda yake a kati, ba lanƙwasa. Na ce ai ni an riga an yi mini kaciya a kan lanƙwasa, ko kun ce a sa ba zan sa ba. Na kiyaye wannan sarai. Amma wanda ya zana jadawalin, ina jin duk danginsa Isa ne da Ali, don gidan suna bai fi faɗin ɗan yatsa biyu ba. Musa ya shiga. Bala ya shiga har da wurin miƙe ƙafa. Da na zo kan Abdurrahman, sai ya tsallake ya ɓata mini layi. Na ji ƙil a kunnena. Na riƙe kantirol na ba shi ɓoyayye. Shamsuddin, na ba shi. Duk mai dogon suna na ba shi nasa. Takarda ta fito kamar a rataye a bango. Na ba Bulama kwafi, na zuba masa wani a filashi, ya kai wa ƙungiya.

Ranar Alhamis da hantsi ina cin ƙosai, sai ga babur ya tsaya har yana neman shiga shagon. Bulama ne, laka har gwiwa, a bayansa wani dattijo dogo siriri mai farin gemu, yana riƙe da buhu wanda ba komai a ciki, a naɗe a hammata.

Bulama ko sallama bai ƙarasa ba, ya ce, "Habu, me mutanena suka yi maka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bismillah, ga ƙosai."

"Ƙosan gidanku! Mutum tara kwamfutar matar ƙungiyar nan ta ce babu su. Tun Talata ake rabo, yau ake rufewa da la'asar, mota ta wuce Birniwa da abin da ya rage. Ga Baba Abdulmumini nan, kwana uku yana zuwa da buhunsa yana komawa da shi. Mutum goma sha huɗu ke ci a gidansa."

Dattijon ya gyara riƙon buhunsa. Kallona kawai yake, irin kallon da ake yi wa akuyar da ta shiga gona.

Na share hannu a wando na buɗe takardar a kwamfuta. Na ce, "Ranka ya daɗe, duba da idonka. Ga shi nan, Abdulmumini." Na sa aka nemo sunan, ya fito. Na karɓi katin dattijon na gwada harafi da harafi, daidai. Na fara kumbura ina cewa laifin nasu ne, 'yan birni ba su iya aiki ba, ni na fi shekara ashirin a kan kujerar nan.

Bulama ya ce, "Matar ta ce injinsu yana ɗaukar sunan da ke jerinmu ya gwada da na kati. In sun zo ɗaya ya yi kore, in ba su zo ɗaya ba ya yi ja. Ita ma ta duba da ido ta ce ɗaya ne, amma injin ya ƙi. Mutane har sun fara cewa ƙungiyar ba ta son masu sunan Abdul."

Na ce, "Su wa da wa ne?"

Ya fara lissafi da yatsa. "Abdulmumini. Abdurrahman na bakin ciyawar kacalla. Abdurrahman ƙanen limam. Shamsuddin. Abdulkarim. Zakariyya..."

Duk masu dogon suna ne. Babu Isa a ciki. Babu Ali, babu Bala.

Akwai wani maɓalli a saman manhajar rubutu, wanda in ka danna shi duk abin da ke ɓoye a takarda yake fitowa fili. Ni ba na son sa, don yana cika shafi da ɗige-ɗige. Na kai hannu na danna. Jama'a! Sai ga su nan a tsakiyar sunayen mutane, kowanne kamar 'yar fartanya a kwance. Manhajata ta san su, in tana neman suna sai ta tsallake su, shi ya sa komai yake fito mini lafiya. Injin ƙungiya bai san su ba. Shi a wurinsa harafi ne kamar kowane harafi, yana da lambarsa. Ya ga Abdurrahman mai wani baƙon abu a ciki, ya ga Abdurrahman na kati, ya ce waɗannan mutum biyu ne.

Bulama ya leƙo ya ce, "Mene ne waɗannan?"

Na ce, "Ado ne, ranka ya daɗe."

"Ado?"

"Don gefe ya miƙe."

Sai a lokacin dattijon ya buɗe baki. Ya ce, "Yaro, gefen me?"

Bulama ya damƙi wuyan rigata ya ja ni waje. Mu uku a babur ɗaya, ni a tsakiya kamar nama a burodi. Inda hanya ta yanke muka shiga kwalekwale da babur ɗin gaba ɗaya, muka fita muka sake hawa. Aka yi azahar muna hanya.

A wata firamare da ke kan tudu ake rabon. Mota a tsaye, buhuna sun ragu sosai, direba har ya fara ɗaure tamfol. Jami'ar ƙungiyar, Malama Hadiza, tana zaune a ƙarƙashin darbejiya da laftof a cinya, fuskarta ta nuna kwana uku tana shan zagi. Na gaishe ta na ce ni ne na buga jerin.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Au, kai ne? Sannu da aiki. An ce mini ni 'yar wuta ce sau goma sha biyu yau."

Na yi mata bayani. Ta ce ba za a karɓi sabon jeri ba, wanda ke cikin injin shi za a gyara, kuma sau ɗaya tak ake ba ta damar tura gyara, in ta tura ya kulle. Ga batir saura kaɗan, sabis kuma sai an ɗaga laftof sama kamar ana roƙon ruwa. Ta miƙo mini.

A nata allon, ba a ganin komai. Sunaye sumul. Babu maɓallin tona asiri irin nawa. Mutanen ƙauye sun kewaye ni, masu ja a gaba, masu kore a baya suna zaune a kan buhunansu suna ba da shawara. Wani Isa har yana cewa, "Da ma an ce muku ku riƙa saka wa yara suna daidai misali."

Nan na tuna wata dabara. Tsinken nan mai ƙyaftawa da ke nuna inda kake a rubutu, in ka danna kibiya yana tsallake harafi ɗaya. To in ya zo kan ɓoyayye, za ka danna amma ba zai motsa ba, don ya taka abin da ba shi da faɗi. Na sa shi a farkon Abdurrahman, na fara dannawa ina ƙirgawa da ƙarfi. A, b, d, u, r, sai ya yi tuntuɓe. Na ce, "Ga shi!" Na goge. A ido ba abin da ya canja. Wani tsoho ya ce, "Iska yake kamawa." Na wuce na biyu, ya yi tuntuɓe, na goge. Kafin na huɗu yara sun fara taya ni ihu, duk tuntuɓe sai a ce "Ga shi!" gaba ɗaya. Ni kuwa kun san ni da taro. Na gyara hula, na fara dannawa da yatsa ɗaya ina kallon sama.

Yanzu za ku ce, Baba Habu, me ya hana ka share sunan gaba ɗaya ka sake bugawa? Madalla da ku. Wannan dabarar ta zo mini, amma a cikin kwalekwale, a hanyar komawa gida.

Na gama tara. Malama Hadiza ta ce, "Ka tabbata? In na tura shi ke nan." Na ce, "Malama, ni fa Malam Bukar ne ya koyar da ni." Ta hau benci ta ɗaga laftof sama. Kowa ya zuba mata ido. Sai sunayen suka fara juyawa. Kore. Kore. Kore. Kowane kore sai guɗa, mutum ya ruga mota da buhunsa. Takwas suka yi kore.

Na tara ya tsaya ja.

Na karɓi laftof, na sa tsinke a farkon Abdulmumini. Na wuce inda na goge, na ci gaba. M, u, sai ya sake tuntuɓe. La'ilaha illallahu! Biyu ne. Ranar da nake bugawa na fara karya sunan bayan Abdul, na ga bai yi mini kyau ba, na ƙara wani a gaba, na farkon kuma ban cire ba tunda ba ya damun ido. Na goge ɗaya na bar ɗaya. Malama Hadiza ta kira ofishinsu, ta roƙa, ta yi faɗa, ta koma roƙo. Aka ce injin ya kulle, buhunan da suka rage kuma da sunan mutanen Birniwa a kansu, su ma ruwa ya ci su. Direba ya tada mota. Baba Abdulmumini ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya sake naɗe buhunsa ya mayar hammata.

Na buɗe baki zan yi magana, Bulama ya ce, "Rufe." Ya hau bencin nan ya ce, "Duk wanda sunansa bai wuce harafi huɗu ba, ya kwance bakin buhu. Tiya ɗaya-ɗaya. Kun sha daɗi kwana uku."

Isan nan ya ce, "Haba Bulama, ni na zaɓa wa kaina suna?"

"Kai biyu za ka bayar, saboda bakinka."

Aka yi dariya, aka kwance. Masu dogon suna ma da suka tsira suka zuba. Da aka gama, buhun dattijon ya ɗan haura rabi. Rabin gonarsa ya shuka a shekarar, ɗaya rabin ta kwana fayau har damina. Gidan mutum goma sha huɗu. Wannan ba ƙari a ciki, ko da kun san ni da ƙari.

Da shekara ta zagayo aka zo rajistar taki, ina zaune sai ga inuwa doguwa a ƙofa. Baba Abdulmumini ne, shi da kansa, bai yarda ya aiko Bulama ba. Na miƙe na ba shi kujerata ta kirki, na ce a kawo ruwa. Ya ajiye katinsa a tebur ya ce, "Rubuta Audu."

Na ce, "Baba, kati Abdulmumini ya ce. In na sa Audu, ja za ta sake yi."

Ya dubi katin. Ya ce, "Harafi nawa ne a katin?"

Na ƙirga masa, goma sha ɗaya.

"To buga. Ka kunna abin nan mai tona aljanu." Na buga, na kunna, babu fartanya ko ɗaya. Ya jawo kujera har gemunsa yana taɓa allo, ya sa na mayar da tsinke farko. Ina danna kibiya yana lanƙwasa yatsa, yatsun hannu suka ƙare ya ɗora da babban yatsan ƙafa. Goma sha ɗaya cif, ba tuntuɓe.

Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, ka gani."

Ya ce, "Sake. Kai mai biyu ne."